Talata: Ranar Rawar Murya

Hunturu ya kankama yau, hazo har bayan hantsi. A ajin rubutu na safe jimla ɗaya ce ta cinye rabin darasi. Wata ɗaliba ta rubuta: "Muryarta ta sarƙe, ta dushe, tana rawa, ta ce..." Kalmomi uku a jere, kuma kowace da abin da take nufi. Ba a tara su wuri ɗaya, don murya ba ta yin ukun a lokaci guda.

Rawa ita ce wadda ake nema a nan. Idan aka ce murya tana rawa, maganar tana fita, ana jin kowace kalma, sai dai sautin ba ya tsayawa wuri ɗaya: yana hawa yana sauka, ƙarfinsa na ƙaruwa yana raguwa. Hanya biyu aka fi sa ta: "murya na rawa ya ce" ko "cikin rawar murya ta ce". Sarƙewa kuwa tsayawa ce, magana ta taho ta maƙale a maƙogwaro, galibi kafin kuka ya ƙwace. Dushewa, da wasu ke cewa dishewa, lalacewar sautin ce saboda mura ko ƙura ko yawan ihu, kuma takan ɗauki kwanaki. Wanda muryarsa ta dushe ba lalle ne yana cikin wani tashin hankali ba. Shi ya sa nake ganin sa "dushe" a wurin tsoro kuskure ne babba, yana kai mai karatu ga ciwo alhali zuciya ake son ya gani.

Sai 'yan'uwan rawa, nan ne aka fi zamewa. Karkarwa ta fi rawa ƙarfi, kuma tana hawa murya lafiya lau idan tsoro ya yi tsanani ko tsufa ya kama. Makyarkyata ta jiki ce, ta ɗari da zazzaɓi. Mutum ne ke makyarkyata, muryarsa ta biyo baya da rawa. Ɓari ya fi dacewa da jiki da baki: "bakinsa na ɓari" yana nuna leɓe, ana ganinsa da ido kafin a ji shi da kunne. Tsuma ta zafin rai ce ko ɗoki, kamar ɗan tauri idan ya ji kiɗa, saboda haka ba ta dace da marainiyar da ke roƙo ba. Wani ya kawo "kamar mazari". Kwatancen yana da kyau, amma na jiki ne, don mazari ganinsa ake yi yana juyi a hannun mai kaɗi. A kuma kiyaye: rawar jiki takan nufi zumuɗi, rawar kai rashin natsuwa, ba ruwansu da murya.

Bayan azahar aka koma kan dalilin abin. Murya iska ce daga huhu da ke ratsa tantani biyu a cikin maƙogwaro, su kaɗa. Idan tsoro ya zo, zuciya na bugawa da sauri, numfashi ya gajarce, tsokokin wuya su ɗaure, sai iskar ta riƙa fita guntu-guntu. Abin da kunne ke ji ke nan. Maganinsa ga mai tashi gaban jama'a ba wuya: ya ja numfashi ta hanci yana ƙirga 4, ya sake shi a hankali yana ƙirga 6, sau 3 ko 4, ya sauke kafaɗu, ya kurɓi ruwa, sannan ya fara da gajeriyar jimla, sallama ma ta isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaga murya don a ɓoye rawar. Ɗagawar na ƙara ɗaure maƙogwaro, rawar ta ƙaru. Akwai kuma rawar da ba ta tsoro ba, wadda aka fi gani ga tsofaffi, wani lokaci tare da rawar hannu ko kai. Ana gane ta idan mutum ya ja "aaa" na ɗan lokaci: sautin zai riƙa kaɗawa kamar sau 4 zuwa 8 a daƙiƙa, ko hankalinsa a kwance yake. Wannan ta likita ce, ba a yi wa mai ita faɗa a ce ya natsu.

Bayan magariba, a zauren karatu, sai ga maganar ta dawo ta wata ƙofa. Wani almajiri yana karanta Alƙur'ani yana girgiza murya da gangan a kan kowane maddi, wato wurin da ake jan sauti, malam ya tsayar da shi: "Ɗana, miƙar da sautin." Malaman tajwidi suna kiran wannan tar'idi, wato mai karatu ya riƙa rawar murya kamar mai jin ɗari ko ciwo, kuma suna lissafa shi cikin aibin karatu. Ba su hana wanda aya ta taɓa wa zuciya kuka ba, ƙaƙalowar ce suka ƙi. Yaron ya maimaita ayar sau 2, a na biyun maddin ya fita a miƙe.

Jimlar safe dai an gyara ta kafin a tashi: "Murya na rawa ta ce, Baba, ka yi haƙuri."