Daga Legas zuwa Akra ta mota: iyaka uku a yini ɗaya

Da asuba muka tashi daga tashar Mile 2 a Legas, muka bi ta Badagiri zuwa Seme. Tafiyar ba ta kai kilomita 500 ba, amma sai bayan isha'i muka shiga Akra. Iyakoki ne ke cinye yinin: Seme tsakanin Najeriya da Benin, Hilakonji tsakanin Benin da Togo, sai Aflawo a bakin Gana.

Ɗan ƙasashen ECOWAS ba ya buƙatar biza, fasfo ya isa ya zauna har kwana 90. Abin da ke mayar da mutane baya shi ne katin rigakafin shawara, mai ruwan ɗorawa. Allurar ba ta fara aiki a takarda sai ta kwana 10, don haka wanda ya yi ta ana jibi tafiya ya makara. Sai hatimi. Kowace iyaka ana buga biyu, na fita da na shiga, shida ke nan jimilla. Kada ka koma mota ba ka buɗe fasfo ka gani da idonka ba, domin in guda ya ɓace, a iyaka ta gaba za a tsare ka, motar kuwa ba za ta jira ba.

Sefa ɗaya ce a Benin da Togo, canji sau ɗaya ya wadatar, sai sidi, kuɗin Gana, a Aflawo. Ka ƙirga kuɗinka a gaban ɗan canji, ka nemi ƙananan takardu. Kwatano, a Benin, cike take da 'yan acaɓa masu rawayar riga. Togo kuwa ba faɗi, kusan kilomita 50 ne a gefen teku, bishiyoyin kwakwa jere, masunta suna jan koma a kan rairayi. A nan ake mayar da agogo baya da awa ɗaya, abin da ke rikita wa baƙo lokutan salla.

A unguwar Nima ta Akra na sauka. Hausa ake yi a kasuwa da masallaci, sai dai birnin Akra, Ankara suke ce masa. Da safe mai koko ta ce, "Alaji, a sa gyaɗa?" Kokonsu na gero ne, ya ji citta da kanumfari, ana haɗawa da ƙosai. Daga nan babban masallacin Kanda, wanda aka buɗe a 2021, tafiyar ƙafa ce.