Godiya bayan dawowarmu daga Daura

Alhamdulillahi, mun iso gida daren jiya. Baba yana barci tun bayan asuba, ni kuwa har yanzu jikina bai dawo daidai ba. Baba muka kai ziyara Musawa da Daura a mota, ta hanyar Funtuwa.

Baba ya daɗe yana so ya ga Musawa, mahaifar Alhaji Mamman Shata, ya kuma je Daura ya tsaya a kabarinsa ya yi masa addu'a. Lokacin da Shata ya rasu a 1999 Baba yana kwance ba lafiya, bai samu jana'iza ba, abin yana cin ransa. A Funtuwa ma sai da ya tsayar da mu wajen mai masa, yana ba mu labarin yadda Barmani Choge take tashin gidan biki da kiɗan ƙwarya.

Bayan mun wuce Malumfashi fanbel ya tsinke, ga magariba ta wuce, ga waya ba sabis. Baba yana da ciwon suga, rabonsa da abinci tun masar nan ta safe, na ga hannunsa ya fara karkarwa. Wata dattijuwa mai tuwo a bakin titi ta riga ta kife tukwanenta. Ta dube shi sau ɗaya, ta sake hura wuta, ta ɗumama masa tuwon dawa da miyar kuka, ta zuba man shanu. Yana cikin ci muka ji ƙarar babura daga daji, babu fitila. Kowa ya san abin da wannan ƙara take nufi a yankin nan da dare. Baba ya saki lomar, ya damƙe hannuna yana salati. Wallahi na riga na sallama.

Sai ta ce, "Alhaji, ci tuwonka. 'Ya'yana ne, na aike su ɗauko makaniki."

Da na miƙa mata kuɗi, ta ture hannuna ta ce, "Ɗana, ni ma uba ya haife ni."

Inna mai tuwo, kin ce kada in ambace ki, ki yafe mini. Allah ya sa ki ci daga 'ya'yan itatuwan Aljanna, ya tsare miki zuri'a, ya kai ki Makka. Makanikin da ya yi aiki da hasken tocila har sha ɗayan dare, Allah ya yi wa sana'arka albarka. Kawu na Daura da ya kwana bai runtsa ba yana jiranmu, Allah ya saka da alheri. Akwai 'yan uwa a Katsina masu motoci a ajiye, sun ji labari, ko kira ba su yi ba. Ba komai, Allah ya bar zumunci.

Baba ya tsaya a kabarin, ya daɗe yana addu'a, ya share hawaye da bakin rawaninsa. A hanyar dawowa ya ce bayan kaka zai koma ya kai wa Inna buhun gero da hannunsa.