Matuƙin da ba ya ganin gabansa

Yawancin jiragen yaƙi na zamanin Yaƙin Duniya na Biyu a kan jela suke zama. Manyan tayoyi biyu a gaba, ƙaramar taya ɗaya a baya, hanci kuma ya ɗaga sama. Muddin jirgin yana ƙasa, matuƙinsa ba ya ganin abin da ke gabansa sai inji da sararin sama. Wannan ne darasin farko da aka koya mana lokacin da na shiga aikin sa kai a wani ƙaramin bikin baje kolin tsofaffin jirage a nan Amurka, inda nake zaune. Aikina shi ne in yi tafiya a gefen fiffike, riƙe da sanduna biyu masu ruwan lemo, in raka jirgi daga inda ya kwana har bakin titin tashi, in kuma tarbe shi idan ya sauko.

Wani dattijo da ya daɗe yana wannan aiki ya sa kowannenmu ya hau wani jirgin koyon tuƙi samfurin T-6 Texan, ya zauna a kujerar matuƙi, sannan ya je ya tsaya a gaban hancin. Na leƙa hagu, na leƙa dama, ban ga ko hularsa ba. Ya ja mota ya ajiye a wurin, ita ma ta ɓace. Shi ya sa za ka ga waɗannan jirage suna tafiya a karkace, su yi hagu su yi dama, domin matuƙi ya riƙa hango hanya ta gefen gilashi. Idan hanyar ta yi ƙunci, ko jama'a sun matso, babu filin yin wannan lanƙwasa, sai ya dogara da mu.

Abin da ake tsoro ya riga ya faru. A Oshkosh, jihar Wisconsin, inda jirage wajen 10,000 ke taruwa duk shekara, a ranar 30 ga Yulin 2006 wani Grumman Avenger, ƙaton jirgin sojan ruwa, yana bin layin tashi ya hau kan wani ƙaramin jirgi samfurin RV-6 ta baya. Farfelarsa ta yanka ƙaramin jirgin, fasinjan da ke ciki ya rasu. Matuƙin Avenger bai san akwai jirgi a gabansa ba. Shekara ɗaya bayan haka, a filin dai, jiragen P-51 Mustang biyu suka yi karo suna sauka ɗaya bayan ɗaya, matuƙi guda ya rasa ransa. Duk wanda ya taɓa ganin mai babur ya tsaya dab da hancin tirela a cunkoso ya san irin wannan makanta.

Akwai kuma gaggawa, wadda 'yan kallo ba su sani ba. Jirage irin Spitfire da Mustang da ruwa ake sanyaya injinsu, kuma lagiretonsu yana buƙatar iskar gudu. Idan suka daɗe suna jira a ƙasa, injin ya ɗau zafi, matuƙi ya fara ƙosawa, idonsa ya koma kan allurar zafi maimakon hanya. Birkin Spitfire ma da iska yake aiki, kuma yawan matsa shi yana rage ƙarfin iskar. To, ka haɗa mutumin da ba ya gani, yana sauri, ga ƙarar inji da ta hana shi jin ihun kowa.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunya. Yawancin masu tuƙa waɗannan jirage dattawa ne, wasu tsofaffin sojoji, sun yi shekaru suna tashi tun ban san jirgi ba. Mu kuwa an tarbiyyantar da mu kada mu katse babba. Amma a gefen fiffike, wanda yake gani shi ke da magana. Wata rana da yamma, ana dawowa daga shawagi, wani Texan ya juyo daga titin sauka, wani ƙaramin jirgi kuma injinsa ya mutu a kan hanyar, daidai inda hancin Texan ɗin ya rufe. Na ɗaga sanduna na gitta su a saman kaina, alamar tsaya cak. Sai da Texan ɗin ya ɗan ƙara matsawa gaba kafin birki ya kama, jelar ta ɗan ɗaga ta koma. Na ja sanda a wuyana, matuƙin ya kashe inji. Muka jira farfela ta tsaya gaba ɗaya kafin wani ya sa waigi a taya. Da dattijon da ke tuƙa jirgin ya sauko ya ga tazarar da ta rage, sai ya tsaya shiru, sannan ya kama hannuna da hannu biyu.

Tun daga nan nake tsayawa inda nake ganin idon matuƙi, domin idan ban ga idonsa ba, shi ma bai ga sandata ba. Ba na juya wa farfela baya ko inji a kashe yake. Kuma ina ba da alamar tsayawa da wuri, ko da zai ɓata rai, tunda jirgi mai tayar jela in aka danna masa birki da ƙarfi yana iya kifewa a kan hanci.

A ganina masu shirya irin waɗannan bukukuwa suna zuba hankalinsu kan abin da zai faru a sama, musamman bayan hatsarin Dallas na Nuwamban 2022, inda tsofaffin jiragen yaƙi biyu, B-17 da P-63, suka yi karo a sama mutum shida suka rasu. Masu shiryawar sun yi daidai. Sai dai a taron safe da ake yi wa matuƙa bayani, ina so a ba mintocin bayan sauka irin wannan muhimmanci: wa zai sauka a wane gefen titi, tazara nawa za a bari, ta wace hanya za a fita, kuma kada a sa ƙaramin jirgi a layi gaban babba mai ɗagaggen hanci sai da mai rakiya a gefensa.