Juma'a, 9 ga Mayu 2025, Nima

Ban buɗe shago ba yau. Tun daren jiya Mma maƙwabciyarmu ta aiko jikarta ta ce in shigo da sassafe in taya ta rabon sadaka, kamar yadda aka saba duk 9 ga Mayu, ranar da ɗanta ya rasu a turmutsitsin filin ƙwallon Accra a 2001. Ana sallame asuba na leƙa, na tarar har ta sauke kaskon farko na ƙosai, koko kuma na tafasa a tukunyar nan da ba a fito da ita sai suna ko biki. Bana ƙafafunta sun kumbura, a zaune take suyar, amma ta hana kowa taɓa kaskon.

Na ce, "Mma, ki bar wa yaran nan mana su ƙarasa."

Ta ce, "Ɗana, wannan na yaron ne. Ranar da na kasa, sai ku yi."

Ɗan farinta ne, ko yana da rai ba ta kama sunansa, balle yanzu. Yana da shekara 22 lokacin, yana koyon ɗinki a Mamobi, kuma in ana maganar masu son ƙungiyar ƙwallon Asante Kotoko a lungunmu shi ake fara ambata. Gidanmu kuwa kaf 'yan Hearts of Oak ne. In ƙungiyoyin nan biyu za su haɗu, tun ana saura mako ake tsokanar juna ta kan katanga. Ranar Larabar da zai tafi, ya tsaya a ƙofarmu ya ce wa babana, "Baba, ka tanadi kuɗin shayi, yau kai za ka saya." Babana ya yi dariya ya ce Allah ya kai mu dare.

A rediyo muka saurari wasan, ni ina ɗan saurayi. Kotoko ce ta fara ci ta ƙafar Lawrence Adjei. Can wajen ƙarshe Ishmael Addo ya zura biyu, Hearts ta ci 2 da 1. Muna tsakiyar ihu da tsalle a tsakar gida sai muryar mai sharhi ta canza. Magoya bayan Kotoko, da suke ganin alƙalin wasa ya cuce su, sun fara ɓalle kujerun roba suna jifa cikin fili. 'Yan sanda suka buɗe wa wurin zaman 'yan kallo barkonon tsohuwa. Mutane suka kwasa a guje, ido ba ya gani, suka gangara matakala zuwa ƙofofin fita, suka tarar da su a kulle. Na baya ba su san na gaba sun tsaya ba, suna ta turowa. Mutum 126 hukuma ta ƙirga, wasu na cewa 127. Har yau ba a yi asarar rai irin wannan a filin ƙwallo ba a duk Afirka.

Wana ne ya raka mijin Mma asibitin sojoji na 37 a daren, don can aka kai mafi yawan gawarwakin. Ya ce wuri ya ƙare, an jera mutane a ƙasa, kowa na bi yana sunkuyawa yana duba fuska. Da suka same shi, igiyar awon ɗinkinsa na nan a naɗe cikin aljihun wando. Abin da Mma ta fi maimaitawa duk shekara, yau ma ta faɗa tana juya ƙosai, shi ne masu wanka sun ce babu ko ƙwarzane a jikinsa. Haka akasarinsu suka tafi. Matsi ne ya danne ƙirjinsu har numfashi ya ɗauke.

Kafin ƙarfe takwas an gama rabo. Yaran makarantar allo suka karanta ƙulhuwallahu, aka shafa.

Bayan Juma'a na zauna a majalisarmu ta bakin titi, ana dafa shayi. Wani yaro ɗan gidan maƙwabtanmu ya zo sanye da rigar Liverpool, har yanzu yana murnar kofin da suka ɗauka a ƙarshen Afrilu. A bayan wuyan rigar akwai lamba 97 tsakanin harsunan wuta biyu. Na tambaye shi ko ya san ma'anarta. Tiryan-tiryan ya kawo mini: mutum 97 da turmutsitsin filin Hillsborough na Ingila ya kashe, 1989, wasansu da Nottingham Forest. Na ce to 9 ga Mayu fa? Ya ce ya san dai an taɓa yin faɗa tsakanin 'yan Hearts da 'yan Kotoko, mutane suka mutu.

Wannan amsa ce ta tsaya mini a rai yini guda, don ba laifin yaron ba ne, abin da ake ta faɗa musu ke nan. Duk shekara a rediyo jawabin iri ɗaya ne: 'yan kallo ku daina tashin hankali, ku karɓi hukuncin alƙalin wasa. Gaskiya ne, kuma muna bukatar jinta. A watan Fabrairun bana ma an daɓa wa wani fitaccen magoyin bayan Kotoko wuƙa a Nsoatre ya mutu, har aka dakatar da gasar ƙasa. Waɗanda suka ɓalle kujeru a 2001 ma ba su kyauta ba, ban taɓa wanke su ba. Amma ba faɗa ne ya kashe mutum 126 ba. Shugaba Kufuor ya sa makokin kwana uku, ya kafa kwamitin bincike a ƙarƙashin lauya Sam Okudzeto, kuma kwamitin ya ɗora babban laifin a kan 'yan sanda, ya ce sun wuce gona da iri. Ga ƙofofi a rufe, ga ƙarancin hanyar fita, ga ma'aikatan agajin gaggawa da ba a samu a wurin ba a daidai lokacin da ake neman su. Kuma ba a ce abin ya zo ba gargaɗi ba. Wata biyar kafin nan, a Disambar 2000, a wannan fili dai, an harba barkonon tsohuwa a wasan ƙarshe na kofin zakarun Afirka tsakanin Hearts da Esperance ta Tunisiya, har aka tsayar da wasa. A watan Afrilun 2001 kuma mutum 43 suka mutu a turmutsitsi a filin Ellis Park na Afirka ta Kudu. Duk mai kula da filin wasa a nahiyar nan ya ji labarin.

Manyan 'yan sanda shida aka gurfanar, da tuhuma 127 ta kisa ba da niyya ba. A 2003 kotu ta sallame su duka, ta ce masu gabatar da ƙara ba su kafa hujjar da za ta ɗora mutuwar a wuyansu ba. Daga nan maganar ta mutu. Ban ce lallai mutum shidan nan ne ba, kotu ta yi aikinta da abin da aka kawo gabanta. Amma wani ne ya ba da umarnin harbi. Wani ne ke riƙe da makullan ƙofa. In ba su ba ne, to su wa? Shekara 24 ke nan ba wanda ya amsa wa Mma wannan tambaya.

Ina cikin wannan bayani, murya ta ɗan ɗaga, sai Alhaji mai sayar da kayan gini, wanda tun zamana bai ce uffan ba, ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Kai yaro, a bar kaza cikin gashinta. Kwanansu ne ya ƙare. Ko a kan gadonsu suke, ranar za su tafi. Me tone-tone zai ƙara musu? Addu'a suke bukata."

Sa'an babana ne, don haka na sassauta. Na ce, "Alhaji, Allah ya ƙara girma, babu mai ja da ƙaddara. Amma Allahn da ya rubuta kwanan mutum, shi ne ya ce a suratun Nisa'i wanda ya kashe mumini bisa kuskure ya yi kaffara, kuma ya miƙa diyya ga iyalinsa, sai in su suka yafe. Kisan kuskure ma fa ke nan. Ba a ce tunda ajali ne shi ke nan ba. Kuma ta yaya Mma za ta yafe, alhali ba wanda ya zo ya ce mata ni ne?"

Ya ce ai an kafa asusun tallafi, jama'a sun zuba kuɗi, an taimaki marayu. Na ce haka ne, Allah ya saka wa duk wanda ya ba da ko sisi. Sai dai taimako daga hannun mai tausayi yake fitowa, diyya kuwa daga hannun wanda ya amsa laifi. Na farkon an yi, na biyun ne har yau shiru.

Alhaji bai ƙara magana ba, ya tashi ya tafi. Wasu suka ce na ɓata masa rai.

Na san abin da dattawanmu ke tsoro. Kwana biyu bayan abin ya faru, matasan Nima sun yi wa ofishin 'yan sandan unguwa tsinke, sai da aka yi ta harbi sama. Da yawa cikin mamatan 'yan zango ne, Nima da Mamobi da kewaye, ana fitar da gawa daga wannan lungu ana shiga wancan. Dattawa suka sha wuya kafin su kwantar da ƙurar, kuma tun daga lokacin duk wanda ya tayar da maganar sai a ga kamar wutar yake son sake hurawa. Amma tsakanin jifan ofishin 'yan sanda da yin shiru har abada akwai hanya, kuma iyalan Hillsborough sun bi ta. Su ma da farko an ce 'yan kallo ne suka jawo, an ce a buge suke. Iyaye mata irin su Anne Williams, wadda ɗanta ɗan shekara 15 ya mutu a can, suka ƙi yarda, suka yi ta bin likitoci da shaidu da takardu. A 2012 aka buɗe takardun da aka ɓoye, Firaminista David Cameron ya tsaya a majalisa ya nemi gafarar iyalan. A 2016 sabon bincike ya yanke cewa kashe su aka yi ba bisa ƙa'ida ba, kuma 'yan kallo ba su da laifi. Ita Anne ba ta ga wannan rana ba, ta rasu a 2013. Kwamandan 'yan sandan ranar ma kotu ta sallame shi a 2019, ba wai komai suka samu ba. Amma sun gyara abin da za a gaya wa jikokinsu, har ga shi yaro a Nima ya san labarin daidai.

Da la'asar jikar Mma ta same ni ta ce, "Kawu, in za ka filin zan bi ka." Ita ce 'yar marigayin, tana ciki aka yi abin. Ba ta taɓa zuwa ba, ni kuma ban taɓa tayin kai ta ba. Muka hau trotro muka sauka Osu, muka taka zuwa filin, gab da dandalin Black Star, iskar teku na kaɗawa. A harabar akwai mutum-mutumin tagulla na wani ɗan kallo ɗauke da ɗan'uwansa, an rubuta a jiki cewa ni mai kula da ɗan'uwana ne. Mun tarar da furanni a gindinsa. Mu ba al'adarmu ba ce, muka tsaya gefe muka ɗaga hannu muka yi musu addu'a, Musulminsu da Kiristansu kowa Allah ya san nasa.

Ta daɗe tana kallon ginin, sannan ta ce, "Kawu, wace ƙofa ce?"

Na nuna mata ɓangaren da aka ce mini. Amma an sake fasalin filin gabanin gasar cin kofin Afirka ta 2008, wurin ba kamar yadda yake a da ba. Ta ce ita abin da take so ta sani shi ne ko ya daɗe yana shan wuya, ko akwai wanda ya riƙe hannunsa. Ta ce a gida in ta tambaya sai a ce ta yi haƙuri ta yi masa addu'a, kuma tana yi, kullum tana yi, amma tambayar ba ta tafi ba. Ban da amsar da zan ba ta. Wanda zai iya amsawa sai wanda ya tsaya a matakalar nan a daren, kuma irinsu kullum raguwa suke. Mijin Mma ya rasu. Babana ya rasu. Herbert Mensah, shugaban Kotoko na lokacin, wanda ya ɗauki gawarwaki da hannunsa, yana ƙoƙarinsa duk shekara wajen tunawa da su da ziyartar iyalai, Allah ya biya shi, amma aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya.

A hanyar dawowa na riƙa tuna cewa a Oktoban 2022 an maimaita abin nan sak a filin Kanjuruhan na Indunusiya: barkonon tsohuwa cikin 'yan kallo, ƙofofi a matse, mutum 135. Dokar FIFA ta hana amfani da wannan hayaƙi a filin wasa, amma doka a takarda ba ta tsayar da hannun da ya san ba za a tambaye shi ba.

Bayan isha'i ina ƙofar gida sai ga Alhaji. Na miƙe na ba shi kujera, ina shirin ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu. Ya ce, "Zauna. Ka san ina filin ranar?"

Ban sani ba. Shekara da shekaru muna shan shayi tare bai taɓa faɗa ba. Ya ce a ɓangaren 'yan Hearts yake, hayaƙin bai kai gare su sosai ba, sai da suka fito suka ga abin da ke ƙasan matakala. Ya ce shi da wasu suka riƙa zaro mutane daga ƙarƙashin mutane, suna sa su a taksi da bayan motocin da suka samu. Wani yaro ya riƙe masa riga yana ce masa Baba ruwa, kafin a kawo ruwan ya cika. Ya ce tun daga ranar bai sake shiga filin ƙwallo ba, ko a talabijin aka sa tashi yake yi. Muryarsa na rawa ya ce, "Ba don ban damu ba nake cewa a bari. Ba na iya tunawa ne in yi barci."

Na gaya masa tambayar da yarinyar ta yi mini a Osu. Ya yi shiru, ya share fuska da gefen rawaninsa, sannan ya ce bai san ko ya ga mahaifinta ba, mutanen sun yi yawa, amma zai gaya mata abin da idonsa ya gani in tana so. Na roƙe shi ya bari in ɗauki maganar a waya, don a ajiye, ya ce ba komai. Mun yi da shi jibi Lahadi bayan la'asar a shagona, kuma ya ce zai zo da wani abokinsa direba da ya kwana yana jigilar mutane zuwa 37 a daren.