Wa zai saurari kurma idan ta zo da ƙara?

Dokoki kam akwai su. Najeriya ta samu dokar hana cin zarafi ta VAPP a 2015, Jihar Sakkwato ta amince da ita a 2021 zamanin Gwamna Aminu Waziri Tambuwal, kuma a Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya rattaba hannu a kan dokar da ta haramta nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, matan da suka fi buƙatar wannan kariya su ne labarinta bai cika isa gare su ba.

Wayar da kai a wajenmu ta fi yawa a rediyo, alhali kurma ba ta jin rediyo, makauniya kuma ba ta ganin takardun da ake mannawa a bango. Mai mugun nufi ya san da haka, shi ya sa yake zaɓar wadda ba za ta iya siffanta fuskarsa ba, ko wadda in ta kai ƙara ba a samun mai fassara mata maganar hannu. Sau da yawa ma ba baƙo ba ne, wanda take dogara da shi ne wajen jagora, tura keke ko ciyarwa, sai dangi su rufe maganar don gudun abin kunya.

Saboda haka ya wajaba a koya wa yarinya tun tana ƙarama cewa taimako bai ba kowa ikon taɓa jikinta ba, a kuma tabbatar tana da amintattu fiye da ɗaya da za ta kai wa kuka. Ya kamata ta san cewa wadda aka yi wa fyaɗe tana buƙatar zuwa asibiti cikin awa 72, domin a cikin wannan lokaci ne maganin kariya daga ƙanjamau yake aiki, kuma Cibiyar Nana Khadija da ke Asibitin Ƙwararru na Sakkwato don irin wannan aka buɗe ta.

Hanyar isar da ilimin kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. Nana Asma'u 'yar Shehu ba ta jira matan karkara su nemo karatu da kansu ba, malamai mata da ake kira jajoji ta horar suka riƙa kai musu har gida. A ganina, idan aka horar da kurame da makafi mata su koyar da 'yan uwansu, tare da goyon bayan sarakunan makafi da na guragu, za a fi sakin jiki a faɗi abin da ake ɓoyewa.