Sikeli, gammo da hanyar Gangirwal

Ranar da za mu tashi, kafin a ɗaure ko buhu ɗaya, sai na rataye sikeli a reshen mangwaron da ke ƙofar shagona a Serti. Irin mai ƙugiyar nan ne na masu awon hatsi. Kowane ƙunshi sai ya hau an ga nauyinsa, sannan a miƙa wa wanda zai ɗauka. Ƙa'idata kilo 20 ga kowane ɗan dako, ban da ɗan bargonsa da butarsa. Baƙi kan tsaya suna duba agogo, a ganinsu ɓata lokaci nake yi. Ni kuwa na san abin da ƙarin kilo biyar ke zama a wuyan mutum a rana ta huɗu, don da gammo na fara wannan sana'a, shekara shida ina ɗaukar kayan wasu kafin na sayi tanti na farko.

Kamfanin namu ƙarami ne. Ni ne, da ƙanena mai riƙe littafi da amsa waya, da dattijon da ke dafa mana abinci wanda kowa ke ce wa Baba Kuku, sai samari goma sha biyu da nake aika wa idan aiki ya samu. Cikinsu akwai Jibawa, akwai Ndoro, akwai Fulani da 'yan Mambila, Hausa da Fulatanci ne ke haɗa mu. Su suke kirana Madugu. Aikinmu raka mutane tafiyar ƙafa cikin gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda aka mayar na ƙasa a 1991, kuma babu wanda ya kai shi girma a Najeriya, ya haura murabba'in kilomita 6,000 tsakanin Taraba da Adamawa. Ba a shiga sai da takardar izini daga ofishin gandun da ke nan Serti, kuma dole ma'aikacinsu ɗaya ya bi ayarin daga farko har ƙarshe.

Mafi yawan masu bugo waya abu guda suke so, su taka ƙololuwar Chappal Waddi, wanda mu nan muka fi kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419, babu inda ya fi shi tudu a ƙasar nan, yana bisa iyakarmu da Kamaru. Mai gaggawa yana iya hawa Mambila a mota, ya bi ta Nguroje zuwa Njawai a kan babur, ya gama cikin kwana biyu zuwa uku. Muna yin wannan ma. Amma wadda ta fi kwanta mini ita ce doguwar, wadda ake farawa daga ƙauyen Gashaka can ƙasa, inda kufan sansanin Jamusawa yake a kan tudu tun zamanin da yankin nan ke ƙarƙashinsu kafin yaƙin duniya na farko. Daga nan a ratsa kurmi, a hau tsaunukan Chappal Hendu, a bi ta Filinga da Sabere, a hau Gangirwal, a fito ta Mambila. Mako guda ne zuwa kwana goma, gwargwadon ƙafar baƙi.

Kwanakin nan duk tsarinsu ɗaya ne. Baba Kuku ne ke fara motsi, tun da sauran duhu za ka ji yana kakkarya ƙirare. A yi sallar asuba, a sha shayi mai kauri da madarar gari, a ci abin da ya kwana. Tantunan a jiƙe suke sharkaf da raɓa, kuma tanti jiƙaƙƙe ya fi busasshe nauyi nesa ba kusa ba, shi ya sa mai ɗaukarsa nake rage masa wani abu da safe. Ƙarfe shida da rabi mun kama hanya. Ma'aikacin gandun a gaba, baƙi a tsakiya, ni a can baya. Ban taɓa yarda na wuce wanda ya fi kowa rauni ba, ko da zai kai mu magariba.

A kurmin Kwano ba a gaggawa. Itatuwa sun rufe sama, ƙasa a jiƙe ko da rani, ganye yana santsi. Nan masu binciken birai suka kafa sansani tun shekarar 2000, saboda irin birin da Turawa ke zuwa nema, suna ce masa chimpanzee, wanda mutanenmu ke kira biri mai ganga don yadda yake dukan gindin itace ka ji kamar kiɗa daga nesa. Tun a waya nake gaya wa baƙo kada ya sa rai zai gan shi. Sheƙarsa ta ganye a saman bishiya za ka gani, wata rana ka ji gangar da sassafe. Gogo dai da biri mai roro, mai baƙi da farin gashi, waɗannan ba a rasa su. Abin da ba a rasawa kuma su ne ƙudan tsando a bakin rafi, da kaska a cikin ciyawa, da kwarkwasa. Wani dare kwarkwasa ta shigo mana zango, tun daga ranar duk inda muka sauka sai an zagaye tantuna da toka mai ɗumi kafin a kwanta.

Rana tana take tsaka sai mu nemi inuwa kusa da ruwa. Ba a hura wuta da rana. Garin kwaki ne da ƙuli-ƙuli da suga, ko kilishi da dabino, a shanya tantuna bisa duwatsu su sha iska. Mukan yi kasaru, mu haɗa azahar da la'asar, mu ci gaba. Ina so a ce ƙarfe huɗu ta same mu a zango, don wanda ya iso da rana yana da lokacin ɗebo ruwa, ya tafasa na sha, ya nemo itace, ya ga inda zai kafa tanti ba a kan hanyar dabbobi ba. Wanda ya iso da duhu kuwa komai da tocila a baki zai yi shi, kuma a nan ake samun rauni.

Kafin a ci abincin dare akwai abin da ba na ɗaga wa kowa ƙafa a kai: kowa ya cire takalmi na duba ƙafarsa. Manyan mutane kan ji nauyin haka. Akwai wani Alhaji ɗan kasuwa da ya zo da 'ya'yansa biyu, ya sayo sabon takalmi mai tsada ranar da zai taso, bai taɓa taka shi ba sai a dajin. A rana ta biyu na ga yana ɗingishi yana ɓoyewa. Na durƙusa gabansa na ce, "Alhaji, a yi haƙuri a ba ni ƙafar nan." Ya ce, "Madugu, ba komai, gajiya ce." Da ƙyar ya yarda. Safar ta manne da dunduniya, bororo biyu sun fashe, na uku ya cika da ruwa kamar ƙwayar dabino. Na jiƙa safar da ruwan ɗumi har ta saki da kanta, na wanke da ruwan gishiri, na ƙona bakin allura na huda na ukun ta gefe ba tare da na ɗaye fatar ba, na sa aidin, na rufe da auduga da filasta. Washegari ya sa tsohon kambas ɗin ɗansa da safa biyu, takalmin mai tsada ya koma cikin buhu. Ya kai ƙarshen tafiyar. Da ya ƙara kwana ɗaya yana ɓoyewa, da sai mun ɗauko shi a kan makara ta gora, mutum huɗu su bar kayansu.

Da zarar an fita kurmi an hau sama, sai ka ce wata ƙasa aka shiga. Tuddai ne masu ciyawa iyakar ganinka, kurmi ya koma 'yan tsiraru a cikin kwazazzabai, shanun Fulani jajaye masu dogon ƙaho suna kiwo a gefen tsauni. Hendu da Fulatanci iska ke nan, kuma wanda ya raɗa wa dutsen suna bai yi ƙarya ba. Cikin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ruwan alwala sai an ɗumama shi, samarin kan kwana a zagaye da wuta kowa ya dunƙule cikin bargo. Abincin dare a nan ya fi daɗi: tuwon masara miyar kuka da banda, ko shinkafa da wake da manja. Itace yana wuya a sama, don haka tun daga bakin kurmi kowa ke tsinto 'yan ƙirare ya soka a kayansa.

Mutanen da ke zaune a waɗannan tsaunuka sun riga gandun zuwa, an kuma bar musu wurarensu a cikinsa suna noma da kiwo. Ba na wuce gari ko ruga ban tsaya na gai da Jauro ko Arɗo ba, da goro da ɗan gishiri da ganyen shayi. Wasu baƙi suna ganin al'ada ce kawai. Ga abin da ya sa na riƙe ta da hannu biyu.

Wata shekara wasu baƙi suka matsa sai an tafi a ƙarshen Afrilu, don lokacin suka samu hutu. Na san ruwa ya fara sauka a kan tsaunuka, na kuma san rafin da ka tsallaka jiya ruwa iya ƙauri yana iya kwana ya kai wuya. Kuɗin ne ya ja ni, na amsa. Laifin nawa ne ni kaɗai. A rana ta biyar aka kwana ana ruwa can sama, mu ko ɗigo bai taɓa mu ba. Da safe muka iso bakin wani mayo, wato rafi da Fulatanci, muka tarar ya cika ya batse, ja wur, yana tafe da itatuwa. Baya ma akwai wani da muka riga muka ƙetare. Kwana biyu muna zaune tsakaninsu. Abincin da na lissafa na kwana takwas ne da rarar yini ɗaya, ga ƙaramin cikin samarin zazzaɓi ya rufe shi yana rawar ɗari. Wani dattijon Bafulatani da na saba sauka a rugarsa ya hango hayaƙinmu. Ya gangaro da matarsa ɗauke da ƙwaryar kindirmo da garin masara, ya ɗauki yaron zuwa bukkarsa ya kwana a gefen wuta, muka ba shi maganin zazzaɓin da ke akwatinmu. Rana ta uku ya kai mu wani mashigi can sama inda ruwan ya rabu biyu a kan duwatsu, ya shiga da sandarsa ya gwada, muka ɗaura igiya muka haye ɗaya bayan ɗaya, kaya a ka. Na ciro kuɗi, ya ce, "Ɗana, mayar. In ka dawo ka taho mini da batirin tocila." Har yau ban hau ba tare da batirinsa ba. Daga ranar kuma littafina a rufe yake daga tsakiyar Maris har sai ruwa ya ɗauke, ko nawa za a biya.

Wannan ya sa sana'ar ta wata huɗu ce zuwa biyar a shekara. Sauran watannin kowa na gonarsa, ni ma haka. Abin da ke ci mini rai shi ne masu haɗa tafiya daga manyan birane, waɗanda ke karɓar kuɗi mai kauri a hannun baƙi, su iso nan su ce a rage 'yan dako daga takwas zuwa biyar, kayan kuwa ba a rage ba. Wani ya taɓa ce mini ai su sun saba. Sabo ba ya hana ƙashin baya ciwo. Mutumin da ke hawa tsauni da takalmin roba, tukunya da buhun shinkafa a ka, ya riga ka isa zango ya hura maka wuta, shi ne tafiyar gaba ɗaya. Na mayar da ayyuka da dama a kan haka, ƙanena yana nuna mini littafi yana cewa, "Yaya, wannan watan fa babu komai." Na kan ce masa na gani.

Ranar hawa ƙololuwa mukan bar kaya a zango na ƙarshe mu tashi da duhu. Hawan yana da tsayi, wani wurin sai an kama ciyawa da hannu. Ana fassara sunan dutsen da dutsen mutuwa, baƙi na son jin haka, amma a lokacin rani mai lafiya da haƙuri yana hawansa. A sama, in hazo bai rufe ba, tuddan Kamaru ne a gabanka jere bayan jere. Baƙi su yi hotuna, wasu su yi kuka, wasu su yi ta ɗaga waya sama suna neman sabis. Rabin sa'a ta isa, sanyi ba ya barin a daɗe. Ni a lokacin hankalina na kan gangara, don gwiwa a sauka take ba da mutum, ba a hawa ba. Kafin mu juya sai na bi wurin na tsince ledar biskit da gwangwanin da wasu suka bari, buhu guda muke warewa don shara, shi ma yana hawa sikeli.

A Njawai ake rabuwa. Nan nake zama a kan benci a gaban baƙi, na kira samarin ɗaya bayan ɗaya da sunansa, na ƙirga masa kuɗinsa a hannu, har da na kwanakin komawa gida da kuɗin mota, don kada wani ya ce an ba da tukuici bai gani ba. Baƙi su hau babura zuwa Nguroje, wasu su tsaya kallon gonar shayi ta Kakara kafin su gangara ta Mayo Selbe. Mu kuma mu bi bayansu da buhunan da suka zama fanko. Idan na isa Serti, kwana biyu nake yi ina shanya tantuna a tsakar gida, ina bin ɗinki da allura da zaren roba, Baba Kuku na kankare tukwane da toka yana lissafa mini abin da ya ƙare: gishiri, ashana, filasta, da batir.