Gimbiyar da asusun banki ya tono labarinta

Tun da na ci karo da sunan Catherine Duleep Singh na kasa cire ta a raina. A 1997 bankunan Suwizalan suka fitar da jerin asusun da suka yi shekaru ba wanda ya waiwaye su tun lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wasunsu na Yahudawan da 'yan Nazi, mabiyan Hitler, suka hallaka. Sai ga sunan gimbiyar Punjab a ciki, tare da na wata Bajamushiya, Lina Schäfer. Me ya kai ta nan?

Mahaifinta Duleep Singh shi ne sarki na ƙarshe a daular Sikh ta Punjab, a yankin Indiya da Pakistan na yau. Yana ɗan shekara goma Turawan Ingila suka ƙwace ƙasarsa a 1849, suka haɗa da lu'ulu'un Koh-i-Noor, daga baya aka kai shi Ingila. Ni da na tashi ina jin labarin yadda aka kai Sarkin Kano Alu Lokoja, wannan bai zo mini da baƙunta ba. A Ingila aka haifi Catherine a 1871, ta yi karatu a Oxford, ta shiga fafutikar neman wa mata 'yancin zaɓe. Lina ce malamar da ta kula da ita tana budurwa, kuma wurinta ta koma a birnin Kassel na Jamus, suka zauna tare shekara da shekaru, har Yaƙin Duniya na Ɗaya ya zo ya wuce ba ta gusa ba.

Abin da ya fi taɓa ni ya faru ne bayan Hitler ya hau mulki. Lina ta rasu, Catherine ta dawo Ingila, gidanta na Coalhatch a ƙauyen Penn. A lokacin Bayahude ba ya samun shiga Ingila cikin sauƙi sai wani ya tsaya masa ya ɗauki nauyinsa. Ita ta tsaya. Akwai wani lauya da aka tsare a sansanin Nazi bayan farmakin da aka kai wa Yahudawa a Jamus a Nuwamba 1938. Ta sa hannu dominsa, ya zo da matarsa da 'ya'yansa biyu suka sauka a gidanta. Akwai likita, akwai mai goge. Ba danginta ba ne, ba addininsu ɗaya ba, kuma ba ta buga ganga a kai ba. Sai bayan shekaru masu bincike da zuriyar waɗanda ta ceta suka harhaɗa labarin daga wasiƙu da hotuna.

Ina jin 'yar sarkin da aka raba da gidansa ta san ciwon rasa wurin kwana fiye da maƙwabtanta.

Ta rasu ranar 8 ga Nuwamba 1942, yaƙi bai ƙare ba. Ta bar wasiyyar a kai wani kaso na tokar gawarta kusa da kabarin Lina, kuma yayarta Bamba ta kai shi Kassel a 1949.